Tsatsa Ba Ta Tsoron Fenti

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ɗan fili a shafin wasiƙu in yi magana da 'yan'uwana akawuna da malaman makaranta a kan wata ɓarna da ke cin dukiyarmu a ɓoye, watau tsatsa. Na san wani zai ce, ina ruwan akawu da zancen maƙera? To, ai mu ne masu sayen tsofaffin motoci, gama albashinmu bai kai na sabuwa ba, mu ne kuwa a ke ruɗa da ƙyalƙyalin fenti. In doki za mu saya, babu mai tsayawa kallon sirdi, sai a buɗe bakinsa a dubi haƙora, a ɗaga kofato. Amma in mota ce, sai mu kewaye ta sau biyu, mu ga fuskarmu a jikin ƙofa, mu ce madalla, alhali kuwa babu wanda ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi. Can ƙarƙashin kuwa ran mota ya ke, kuma daga can ta ke mutuwa.

Motar da ta koya mini wannan karatu Land Rover ce doguwa, ƙirar 1974, irin wadda tsakanin tayoyinta na gaba da na baya inci 109 ne. An mai da bayanta ɗaki, da gado, da ɗan murhun gas, da kabad, da tankin ruwan sha. Turawa su kan yi wa mota haka domin su yi yawon duniya ba tare da neman masauki ba. Mu dai a gidanmu mota mai ɗaki mu ke ce da ita. Dattawa za su tuna, kafin 1990 irin waɗannan motoci su kan ƙetaro Hamada daga Aljeriya, su biyo ta Tamanrasset da Arlit da Agadas da Damagaram, su faɗo Kano, kuma da yawa daga masu su nan su ke sayad da su su hau jirgi su koma gida. Tawayen Buzaye na 1990 da rikicin Aljeriya na 1992 su suka kashe wannan yawo. A hannun irin matafiyan nan kawuna ya saye ta. Shi malamin dabbobi ne, ya yi shekaru yana shiga rugage da ita, ya kwana inda dare ya same shi. Da Allah ya yi masa rasuwa, magada suka kira 'yan gwangwan, masu sayen ƙarfe da awo, suka taya. Ni kuwa na san alminiyam ɗin jikinta su ke so, a narke a zuba tukwane. Sai na biya magada abin da aka taya, na jawo ta gida. Uwargida ba ta ce kome ba, sai tambaya guda: wannan ce za ka sa Inna da yara a ciki, ku hau hanyar Jos? Na ce ta dakata mini hunturu ɗaya, in na tarar ƙashinta ya mutu, ni da kaina zan koma in kira 'yan gwangwan.

Kafin in faɗi abin da na tarar, bari in ɗan yi bayanin tsatsa kanta, gama wanda bai san abokin gaba ba, ba ya sanin inda zai tsare. Sa'ad da mu ke makaranta, malaminmu na kimiyya ya kawo kwalabe uku da ƙusoshi uku. Ta fari ya sa ƙusa da ruwan famfo, ya bar bakinta buɗe. Ta biyu ya sa ruwan da aka tafasa har iskar cikinsa ta fita, ya zuba mai a bisansa don kada wata ta koma. Ta uku babu ruwa ko ɗigo, ya toshe ta. Bayan mako guda ƙusa ta fari ta yi ja wur, sauran biyu kuwa suna nan kamar ran da aka saye su. Watau ƙarfe ba ya tsatsa sai ruwa da iska sun taru a kansa. In ka raba shi da ɗayansu, ka gama. In kuwa ruwan nan da gishiri a ciki, sai aikin ya riƙa gudu kamar wutar daji.

Mugun halin tsatsa shi ne ba ta rufe abin da ta ci. Ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi girma ninkin-ba-ninkin, don haka sai ta kumbura, ta tsattsage, ta ɗaga fenti, ta riƙe ruwa kamar soso, ta kai shi ga lafiyayyen ƙarfen da ke ƙasa. Shi ya sa in ka ga ɗan ƙurji ya taso a jikin fenti, kada ka ce farkon ciwo ne. Sau da yawa ƙarshensa ne, ta riga ta cinye daga baya, yanzu ta fito shan iska. Ni ban ga abin da ya yi kama da ita ba sai gara, wadda kan cinye azara ta bar maka ɓawo. Kuma kada a ɗauka ƙaramar asara ce. A 2016 wata ƙungiyar masana wannan fanni ta Amurka, mai suna NACE, ta ƙiyasta cewa lalacewar ƙarafa tana cin duniya dala tiriliyan 2.5 ko wace shekara.

Mu mutanen Arewa muna da wani alfahari, mu kan ce tsatsa ta mutanen Ikko da Fatakwal ce, masu iskar teku. Da gaskiya a ciki. Masana sun ce in laimar iska ba ta kai kashi 60 cikin 100 ba, tsatsa ba ta cika motsi ba, mu kuwa da hunturu leɓenmu ma fashewa ya ke don bushewa. Amma mun manta abu biyu. Na ɗaya, yawancin motocin da mu ke saye ba nan suka yi ƙuruciyarsu ba. A ƙasashen Turai da Amurka ta Arewa, in sanyi ya zo a kan watsa gishiri a bisa hanyoyi don ƙanƙara ta narke, taya kuwa ta feshe ƙarƙashin mota da wannan ruwan gishiri wata da watanni. Motar da muka ce 'yar Beljiyam ce, ta shigo ta Kwatano tana walƙiya, ta yiwu da ciwonta ta zo. Na biyu kuwa namu ne na gida, shi ne laka. Da damina jar ƙasa ta kan shiga ko wane lungu na ƙarƙashin mota ta zauna, ta toshe kafofin da aka huda don ruwa ya tsiyaye. Bayan an ɗauke ruwa, bisa ya bushe ƙayau, amma cikin lakar nan da danshi har tsakiyar hunturu. Mai mota yana ta goge gilashi da tsumma, ɓarawo yana kwance ƙarƙashin gadonsa.

Land Rover tana da wani sha'ani wanda ya sa ta fi ko wace mota iya ɓoye ciwo, kuma ba laifin maƙeranta ba ne, halin zamanin ne. An fara nuna ta a birnin Amsterdam ran 30 ga Afrilu 1948, sa'ad da Ingila ke cikin ƙarancin baƙin ƙarfe bayan yaƙi, gwamnati ce ke raba shi da awo. Sai suka yi jikinta da alminiyam, wanda waɗansu ke kira goran ruwa, suka bar ƙarfe ga shasi, da bangon da ke tsakanin inji da direba, da firam ɗin ƙofofi. Alminiyam ba ya jan tsatsa, gama fatar da iska ke yi masa siririya ce mai manne, ita ce ma ke tsaronsa. Saboda haka sai ka ga Land Rover ta shekara hamsin jikinta sumul, ana cewa ai waɗannan ba su mutuwa, shasi kuwa ya zama tuwon ƙasa. Kyan ɗan maciji ke nan.

Da muka ɗora tawa bisa rami a garejin wani bakanike abokina, ban ɗauki kome ba sai ƙaramar guduma da sukudireba da tocila. Shasin irin wannan mota kamar dogayen akwatuna biyu ne na ƙarfe, rufaffu, kaurin bangonsu bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba, da waɗansu gajeru da suka gitta suka haɗa su, da 'yan hannuwa da suka fito gefe suna ɗauke da bodi. Tun da rufaffu ne, daga ciki su ke ruɓewa, ido ba ya gani, sai kunne. Lafiyayyen ƙarfe in ka buga shi sai ya amsa da ƙara, kamar sabuwar tukunya a kasuwa. Ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji ɗif, sa'an nan ka ji ɓarɓashi yana zuba a ciki. Haka na bi ta taki-taki tun daga gaba, ina bugu ina shata da alli. Dogayen ƙarafan biyu suka amsa da kyau har kusa da tayoyin baya. Magitcin baya kuwa, inda a ke ɗaura abin ja, da na dafa sukudireba sai ta shige har ƙota. Hannu biyu na gefen hagu sun zama kamar ganye. Wurin da direba ke ajiye ƙafa, da na ɗaga shimfiɗar roba, sai na ga hasken rami. Wanda ya fi tsorata ni kuwa, maratayin sifirin na baya, watau wurin da nauyin motar duka ke rataye, ƙarfen da ke kewaye da shi ya ɓare kamar albasa.

A Ingila, inda a ke duba lafiyar motoci shekara-shekara tun 1960, ƙa'idarsu ita ce in tsatsa ta raunana ƙarfe cikin tazarar santimita 30, watau ƙafa guda, daga inda birki ko sitiyari ko sifirin ko bel ɗin kujera ke ɗaure, motar ta faɗi, ba ta hawa hanya sai an gyara. Ni dai na ari wannan ma'auni, kuma ina ba kowa shawara ya are shi. Huda a madigadi kunya ce kawai. Huda a gindin sifirin kuwa, ran da aka faɗa rami da gudu da kaya, sai gatari ya goce, sauran labari sai a asibiti.

To, a nan ne zan yi ƙorafi, Malam Edita, ka yi haƙuri. Ɓarnar da ta fi yawa a motar nan, inda aka taɓa gyarawa ta ke. Wani mai fenti, tun zamanin kawu, ya tarar da huda a gindin bangon gaba. Maimakon ya yanke, sai ya cusa ragar waya da kwali, ya shafe da kwaɓin nan da su ke kira foti, ya goge sumul, ya fesa fenti. A ƙarƙashi kuma ya shafe shasi da baƙar kwalta bisa tsatsa da laka da kome. Lalle ran da kawu ya zo karɓa ya ji daɗi, har ya yi masa kyauta. Amma foti yana shan ruwa, kwalta kuwa in ta tsufa sai ta tsage, ruwa ya shiga bayanta ya rasa hanyar fita. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to, wannan ƙadangare ma an gina masa ɗaki an rufe. Da na sa wuƙa na ɓamɓare kwaltar, sai ta taho da ƙarfen a jikinta. Wuraren da ba wanda ya taɓa, waɗanda man inji ya yi ta ɗiga a kansu shekara da shekaru, su ne na tarar garau. Ban ɗora wa mai fenti laifin duka ba. Mu masu mota mu ke kai masa, mu ce gobe mu ke so, kuma ga abin da za mu iya biya. Wanda ya biya kuɗin ƙyalli, ƙyalli za a ba shi.

Mai son gane foti a motar ƙarfe, ya tafi da ɗan maganaɗisu a aljihu, ya riƙa manna shi a gindin ƙofofi da bakin madigadi. Inda ya ƙi kamawa, ba ƙarfe ke nan ba. Amma fa a jikin Land Rover wannan dabara ba ta ci sai a bangon gaba da shasi, don maganaɗisu ba ya kama alminiyam ko da lafiyarsa lau.

Akwai kuma wani ciwo na dabam wanda na gani a gindin ƙofofi, farin gari kamar alli yana fitowa daga ƙarƙashin fenti, alminiyam ya huhhuje kamar rariya. Dalilinsa abin mamaki ne. In ƙarafa iri biyu suka haɗa jiki, ruwa ya shiga tsakaninsu, sai su zama kamar batir, wuta 'yar kaɗan tana gudana, ɗaya yana narkewa ɗaya yana hutawa. In alminiyam ne da baƙin ƙarfe, alminiyam ke biyan bashin. In tutiya ce da baƙin ƙarfe, tutiya ke biya. Wannan shi ne asirin kwanon rufi. A kan tsoma ƙarfe cikin narkakkiyar tutiya mai zafin digiri 450, dabarar da wani Bafaranshe, Stanislas Sorel, ya yi wa rajista a 1837, sa'an nan ko an ƙarce kwanon, tutiyar da ke kewaye ita za ta ci gaba da ba da kanta, ƙarfen ya tsira. Tun 1824 wani masani na Ingila, Humphry Davy, ya gwada irin wannan a jiragen ruwan yaƙi, ya manna guntayen tutiya da ƙarfe a jikin jan ƙarfen da aka lulluɓe gindinsu da shi. Jan ƙarfen ya daina cinyewa, sai dai ciyawar teku ta samu wurin zama, jirage suka rage gudu. An yi maganin wani, wani ya taso. Maganin nawa ƙofofin dai mai sauƙi ne, a raba maƙwabtan nan biyu, a sa siririyar roba ko fenti mai kauri tsakaninsu, a ɗaure da noti mai tutiya. Kada kuwa wani ya ce zai gwaninta ya sa notin nan fari mai ƙyalli wanda ba ya tsatsa. Shi ba zai yi ba, amma alminiyam ɗin da ke kewaye da shi zai fi saurin cinyewa.

Ɗakin da ke bayan motar shi ma yana da nasa rabo, abin da mai mota zalla ba ya fama da shi. Mutum in yana barci, numfashinsa yana fid da ruwan da ya kai kofin shayi kafin gari ya waye. Gas ɗin girki kuma, ko wane kilo guda da aka ƙona yana sakin ruwa wajen kilo ɗaya da rabi cikin iska. In an rufe tagogi saboda sanyi ko sauro, duk wannan sai ya taru a jikin rufi da bango kamar raɓa, ya gangara bayan katako da soso, ya kwanta inda hannu ba ya kai. Ga tankin ruwan sha yana ɗiga a hankali. Ga kuma kayan aikin kawu, gama ya sha ɗaukar gishirin shanu da kanwa da takin zamani a kan daɓen nan. Gishiri da taki abokan gaban ƙarfe ne, kanwa kuwa tana cin alminiyam, ko wace mace mai girki ta ga yadda ta ke ɓata tukunya. Da muka cire kabad, ƙarafan da ke riƙe da daɓen ɗakin duk sun yi ɓawo.

Yanzu ga yadda muka yi. Mun zaɓi hunturu, domin da damina in ka goge ƙarfe da safe, kafin la'asar ya soma ja. Da fari aka cire tankin mai, da tukunyar gas, da batir, da duk katako da soson ɗakin, tun mai walda bai kunna wutarsa ba. Wannan ba abin gardama ba ne. Tankin da aka zazzage ma ya fi cikakke haɗari, gama tururin da ya saura a ciki shi ke fashewa. Sa'an nan muka sa tiyo cikin shasi muka yi ta ɗura ruwa har ya daina fitowa ja. Lakar da ta fito ta cika bokiti biyu. Muka bar ta ta bushe mako biyu.

Sai yanka. Na samu wani dattijo mai walda, muka yi sharaɗi tun fari cewa ba za a ɗora faci bisa ruɓa ba. Ko ina sai a yanke har a kai farin ƙarfe mai cikakken kauri, a ƙara inci guda, a yanko sabo mai kauri daidai da na wurin, a haɗa baki da baki, a bi da walda ɗinki guda babu tsallake. In aka ɗora wani bisa wani, tsakaninsu ya zama sabon maɓoyar ruwa. Magitcin baya da hannuwan biyu ba su gyaruwa, sababbi aka ƙera a Panteka bisa awon tsofaffin. Dattijon nan ya yi ta gunaguni, yana cewa, Malam, kai fa da ganinka akawu ne, kome sai an bi layi-layi. Na ce, Baba, ai littafin kuɗi ma in aka rufe kuskure da manna takarda, mai bincike zai ɓamɓare. Ya yi dariya, ya ce to shi mai binciken nan rami ne a kan hanya. Wurin da ƙarfen ke da tutiya sai da ya goge ta kafin ya sa wuta, kuma a fili muka yi, don hayaƙin tutiya yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji.

Inda tsatsa ta tsaya a fata, ba ta ci kauri ba, wannan sai burushin waya da samfefa, sa'an nan a shafa ruwan magani wanda a ke sayarwa a shagunan fenti, mai mai da jar tsatsa baƙa ta daina ci. Iri biyu ne, wani na asid ɗin fosfarik, wani na tanin. Wannan na biyun ya ba ni dariya da na karanta jikin gwangwaninsa, gama tanin shi ne abin da ke cikin bagaruwar da majema ke jima da ita, kuma baƙin da ya ke yi in ya gamu da ƙarfe shi ne baƙin da dukawa ke samu in sun shafa ruwan ƙarfe a jikin jemammiyar fata. Ashe abin da muka saya da tsada daga waje, kakanninmu sun daɗe da saninsa, ba su dai kai shi gareji ba. Amma kada a ɗora wa wannan magani abin da ba zai iya ba. Iyakarsa fata. Ba ya shiga cikin ɓawo mai kauri, ba ya kuwa mai da ƙarfen da ya riga ya tafi.

Wajen goge tsohon fenti ina jan kunnen kowa. Fentin da, musamman jan nan da a ke shafa wa ƙarfe tun fari, sau da yawa da dalma a cikinsa. Mun ga abin da ƙurar dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara wajen 400 suka mutu saboda ƙasar zinariya da a ke niƙawa cikin gidaje. Don haka ban yarda a goge kome a tsakar gida ba, kayan da na sa a gareji kuwa can na ke tuɓe su.

Bayan walda sai fentin fari mai tutiya, sa'an nan fentin bisa shafi biyu. Wannan sai da sassafe, kafin iska ta taso da ƙura, a yayyafa ruwa a ƙasa. Abu na ƙarshe shi ne wanda ba wanda zai gani, shi ne kuwa mafi amfani. Wutar walda tana ƙone duk abin da ke cikin shasi ta bar ƙarfe tsirara, saboda haka muka zura siririn tiyo ta ko wace kafa, muka fesa mai gauraye da kakin da a ke yi don wannan aiki, har ya riƙa tsattsafowa ta mahaɗai. Direbobinmu su kan fesa baƙin man da aka juye daga inji, kuma ba zan ce ba ya kome ba, na riga na faɗi abin da na gani inda mai ya ɗiga. Amma yana lalata roba, ruwa yana wanke shi, kuma abin da ya zuba ƙasa rijiya ya ke nufa. Bututun birki duka na canza su, don na ƙarfe ne, kuma a bayan 'yan maƙalan da ke riƙe su sun sirance kamar tsinke. Na sa irin na jan ƙarfe gauraye da nikel, wanda tsatsa ba ta ci.

Duk aikin nan ya ci mini albashin wata uku da Asabar goma sha ɗaya, kuma wanda ya ga motar yau ba zai ce an taɓa ta ba, gama fentin jikinta yana nan a koɗe yadda kawu ya bar shi. Abokan aikina har ba'a su ke yi, suna cewa ina kuɗin ya shiga? Na kan ce su zo da tabarma su kwanta su gani. Da na tarar dogayen ƙarafan nan biyu sun ruɓe tun daga gaba har baya, da ban sa ko kwabo ba, gama faci bisa faci ba ya zama shasi. Sai dai a sayo sabo, akwai masu ƙera shi da tutiya a Ingila, ko kuwa a haƙura. Wannan hukunci kuwa a yanke shi tun ba a sayi galan ɗaya na fenti ba.

Na kai uwargida garejin, na nuna mata guntayen da aka yanke, ta murƙushe ɗaya da yatsa ya zama gari. Sa'an nan na ba ta guduma ta bubbuga sabon wurin da kanta. Da hutu muka je Jos da Inna da yara muka komo lafiya.

Yanzu ajiyarta a rumfa ta ke, bisa daɓe, inda iska ke ratsawa. Ba na barinta kan ciyawa, ba na kuwa lulluɓe ta da tamfol, don shi ma yana tara gumi. In an kwana a ciki, taga guda tana buɗe, da safe a ɗaga katifa a ɗaga shimfiɗar roba. Ko wace Asabar da damina na kan sa tsinken waya in buɗe kafofin tsiyayar ruwa, in an ɗauke ruwa kuma a wanke cikin shasi a sake fesa mai. Ƙofofi biyu na baya sun saura, firam ɗinsu ya ci, amma ba su ɗauke da nauyin kowa, su sai hunturu mai zuwa in Allah ya kai mu.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Kaduna.